Me ya sa tafiyar Bishop Tugwell zuwa Kano ta ci tura?

Mamban Zumunta, Jos: Salamu gare ku. An ɗora mini gabatar da tarihin Bishop Herbert Tugwell a taron matasan ikilisiyarmu. Wasu na cewa shi ya kai bishara Kano. Haka ne? Kuma ina alaƙarsa da mu a Filato?

Tsohon Katikis: 'Yata, ya isa Kano, amma bai zauna ba. Tugwell ɗan Ingila ne, ƙungiyar mishan ta Anglikan, wato CMS, ta turo shi Legas, aka keɓe shi bishop a 1894 bayan rasuwar Bishop Hill wanda ya gada. A farkon 1900 ya taso daga Legas da mutum huɗu, har da Dokta Walter Miller. Wasunsu sun riga sun zauna a Tarabulus ta Libiya suna koyon Hausa. Sarkin Kano Aliyu bai karɓe su ba, ya ba su kwanaki kaɗan su fice. Suka koma Girku a ƙasar Zazzau, inda ɗaya daga cikinsu, Dudley Ryder, ya rasu.

Malamin Tarihi: Baba ya faɗi daidai. Babban kuskuren tafiyar shi ne lokaci da kuma izini. Ranar 1 ga Janairun 1900 Lugard ya ayyana mulkin Ingila a Arewa, alhali Kano na hannun sarkinta har 1903. To a irin wannan yanayi Turawa biyar su doso gari da ayarin 'yan dako, ba tare da amincewar fada ba, wa zai bambance su da 'yan leƙen asirin soja? Lugard ma bai ji daɗin tafiyar ba, kuma daga baya gwamnati ta ƙara tsananta wa mishan shiga masarautun Musulmi. Tugwell bishop ne a gundumarsa, amma ikon ƙasa na wasu ne. Sai 1905 Miller ya samu zama a birnin Zariya, aikin ya koma Wusasa, kusa da Zariya, a 1929.

Mama Ladi: Kan Filato kuwa, a zamanin Tugwell ne CMS ta buɗe tashar mishan a Panyam a 1907, sannan Kabwir a ƙasar Ngas. A 1930 aka miƙa su ga wata ƙungiyar mishan, SUM, shi ya sa yau COCIN, ikilisiyar da ta fito daga SUM, za ki tarar a can. Matasa kan rikice a nan, ki bayyana musu sosai.

Tsohon Katikis: Kada ki bar yaƙin Tugwell da shigo da barasa daga Turai, ya daɗe a kansa. Ya sauka a 1921, ya rasu a 1936.