Neman kalma: me za a kira "monument" ɗin Huguenot na Afirka ta Kudu?

Mai Shirin Tarihi: Salamu alaikum malamai. Gobe da hantsi zan naɗi shirin rediyo a kan Huguenot, Faransawan nan 'yan Furotesta da suka yi gudun hijira bayan Sarki Louis na 14 ya soke dokar Nantes a 1685, dokar da ta ba su damar yin addininsu tun 1598. Wasunsu sun isa Afirka ta Kudu a 1688, aka yanka musu gonaki a kwarin da ake kira Franschhoek yanzu. A can aka buɗe musu "monument" a 1948: dogayen bakan gizo uku, gicciye a can ƙololuwa, a gaba kuma mace tsaye bisa ƙwallon duniya, Littafi Mai Tsarki a hannun dama, tsinkakkiyar sarƙa a hagu. Me zan kira shi duka?

Bakatsine: Mutum-mutumi mana. Ko hasumiya, irin Gobarau tamu.

Mai Shirin Tarihi: Mutum-mutumi matar kaɗai ya ɗauka. Hasumiya kuma mai sauraro zai zaci hawanta ake yi.

Na Fagge: Gunki ne, a daina kewaye-kewaye.

'Yar Wusasa: Haba yaya! Gunki abin bauta ne. Su Huguenot mabiya koyarwar malamin Furotesta Calvin ne, ba su yarda da sassaƙe a majami'a ba, har farfasa su suka riƙa yi a Faransa. Ka ce an yi musu gunki, ai ka zage su. Bakan gizon ukun nan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki suke nunawa, matar kuma 'yancin addini.

Malam Mai Nahawu: Duk kun bar hanya. Karanta ta ba mu makaranta, fake ta ba mu mafaka. To tunatar ta ba mu matunata. Na daɗe ina ba ɗalibaina wannan kalma.

Na Fagge: Allah ya gafarta Malam, ɗaliban sun karɓa ne ko tsoron jarrabawa?

Malam Mai Nahawu: Haka aka yi wa kowace sabuwar kalma dariya. Ku dai kun fi son jera kalmomi huɗu inda ɗaya ta isa, shi ya sa ake raina harshen.

'Yar Wusasa: Baba, a rubuce matunata kamar jam'in mai tunatarwa ce, irin manoma da maƙera.

Malam Mai Nahawu: Karin sauti zai raba. Rediyo za ta yi, ba jarida ba.

Ɗan Damagaram: Kafin nan, yaya za ki faɗi sunan? Bafaranshe ba ya furta h na farko, ba ya furta t na ƙarshe. Ku 'yan Najeriya kuna karanta Faransanci da bakin Ingilishi.

Na Fagge: Ga su nan. Mu za ku koya wa Hausa?

Ɗan Damagaram: Faransanci na ce. Amma in Hausar ce ma, ba a Kano aka yanke mata cibiya ba.

Bakatsine: Wannan kam gaskiya ne.

Mai Shirin Tarihi: Jama'a, dare na yi. Na rubuta "ginin tunawa da 'yan gudun hijirar Huguenot", matar kuma mutum-mutumi. Akwai gyara?

'Yar Wusasa: Ya yi. Ki ambaci cewa sunaye irin su Du Toit da De Villiers da Du Plessis daga gare su suka fito.

Malam Mai Nahawu: Ginin tunawa bayani ne, ba kalma ba. In ba gini ba ne fa, dutse ne kawai aka kafa? Amma je ki. Ki saka matunata ko sau ɗaya ne, mu ji abin da masu sauraro za su ce.

Mai Shirin Tarihi: In minti ya ragu, Malam.

Ɗan Damagaram: Sunan fa? Har yanzu ba ki ce komai ba.