Manyan Tayoyi ga Hilux: Shawarar Direbobin Gombe

A hirar da direbobi da makanikai suka yi kan Hilux ɗin da aka ɗaga gabanta ya daidaita da baya, yawancinsu sun tsaya a kan taya mai lamba 265/70 R17 maimakon 265/65 R17 da aka saba gani. Ƙarin tsayin tayar kusan inci ɗaya ne, kuma a ganinsu ya ishi hawan tsaunukan Tula da damina.

Masu sha'awar 285/70 kuwa an ja musu kunne. In ka murɗa sitiyari har ƙarshe, taya za ta riƙa gogar roba ta ciki, sai an yanke. Ga shan mai, ga nauyin tashi in an yi lodi.

Ko da 265/70 ɗin ma, mitar gudu za ta yi ƙarya: tana nuna 100, kana kusan 103. Safaya kuma a canja ta tare da sauran.