Zan hau babur daga Kano zuwa Gembu, me zan ɗaure a kariya?

Ɗan Kurna:
Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka saba doguwar tafiya a kan babur. Kawuna yana zaune a Gembu, kan tsaunin Mambila, kuma zai aurar da 'yarsa a watan Disamba. Na ƙudura zan je da Boxer ɗina: Wudil, Ningi, Bauchi, in kwana a Gombe, washegari in bi Kaltungo da Numan in kwana a Jalingo, sannan in kama hanyar Bali da Serti in hau dutse. Abin da ya dame ni kaya ne. Mahaifiyata ta haɗa wa amarya turamen atamfa da kwanuka, ga nawa tufafin, ga kilishi da zan kai wa kawu. Na gwada ɗaurawa, sai na ga kayan sun fi kaina tsawo. Me zan rage, me kuma ya zama dole? Jarkar fetur fa, in ɗauka?

Baban Halima, bakanike:
Wa alaikumus salam, ƙanena. Kwanukan nan da atamfa ka kai su tasha ka ba direba ya kai Jalingo, daga can a miƙa su Gembu. Ka faɗa wa Hajiya cikin ladabi, za ta gane. Babur ɗin da kaya suka yi masa tsiri a baya, gabansa ba ya kama ƙasa, kuma daga Mayo Selbe, garin da ke gindin dutsen bayan ka wuce Serti, zuwa sama hawa ne mai lanƙwasa bayan lanƙwasa, rami a gefenka. A can za ka so tayar gaba ta danne kwalta.

Wurin da ka samu, kayan gyara za su shiga. Tiyub biyu, na gaba da na baya, don girmansu ba lallai ya zo ɗaya ba. Kayan faci, ƙaramin famfo, fulogi sabo da sifanarsa, wayar kuloci, mahaɗin sarƙa, filaya, sukundireba, sifana mai lamba 10, 12, 14 da 17. Wayar kulocin nan kada ka jefa ta a jaka. Ka bi da ita gefen tsohuwar ka ɗaure su tare, ka naɗe bakinta da leda saboda ƙura. In waccan ta tsinke a daji, maƙalawa kawai za ka yi. Duk ƙarafan ka nannaɗe su a tsumma ka sa a ƙasa, kusa da bayanka, tufafi a sama.

Ɗauri kuma da robar tsohon tiyub, ba igiya ba. Igiya tana saki in an sha gargada. Ka yi juyen baƙin mai kafin ka tashi, ka duba birkin baya sosai saboda gangara ranar dawowa.

Hamma na Nguroje:
Sannu da niyya, ɗan'uwa, Allah Ya kawo ka lafiya. Ni nan sama nake, kuma abin da nake gani ga baƙinmu na Kano shi ne raina sanyi. Tsaunin nan ya haura mita 1,500, kuma a Disamba da asuba ruwan buta ma sai ka daure kafin ka yi alwala. Ka zo da rigar sanyi mai kauri, safar hannu, safar ƙafa, da takalmi rufaffe. Rigar ruwa ma ka saka ko da rani ne, tana tare iska a ƙirji. Hular kwano mai gilashi, saboda hazo da ƙurar manyan motoci.

Kada ka fara hawan da yamma. In la'asar ta same ka a Serti, kwana a nan, ka tashi da safe.

Ɗan Kurna:
Na gode ƙwarai, Baba, na gode Hamma. Maganar jarka ce ba a taɓa ba.

Baban Halima, bakanike:
Ni ban yarda da ita ba. Fetur a bayanka cikin rana, kusa da salansa mai zafi, ga tambayoyi a kowane shingen bincike. Ka cika tanki a Jalingo, ka ƙara a Bali, ka ƙara a Serti ko da man bai ragu zuwa rabi ba.

Hamma na Nguroje:
Gaskiyar Baba ce. In ta kama ka sayi na 'yan bumburutu, ka tace shi da ƙyalle mai tsabta. Takardun babur, lasin da katin shaida ka sa su a leda cikin aljihun gaba, ba a ƙasan kaya ba, don za a tambaye ka sau da yawa. Ka riƙe tsabar kuɗi, akwai wuraren da waya ba ta kamawa balle a yi tiransifa. Dabino da ruwa su kasance inda hannunka zai kai. Kilishin kawu kuwa ka kawo shi, ba shi da nauyi. In ka iso Nguroje ka tsaya ka sha shayi mai zafi kafin ka ƙarasa Gembu.