Canjin kuloci a gida: wa ya taɓa yi a Kumasi?

Baban Hafsat, Aboabo:
Salamu alaikum jama'a. Corolla ɗina ce ta 2005, mai giyar hannu. Idan na ɗauki hawa sai inji ya yi ta ihu, mota kuwa tana jan ƙafa, ga wari kamar an ƙona roba. Ina da jak da sufanu, kuma ƙanena ya yi shekara biyu yana koyon aiki a Magazin, unguwar makanikai da masu sayar da kayan mota ta Suame. Muna son mu canja kulocin a ƙofar gida ranar Lahadi. Wanda ya taɓa yi ya faɗa mana abin da ya tarar.

Ɗan Tasi, Asawase:
Wa alaikumus salam. Kafin ka kwance ko noti ɗaya, ja birkin hannu, sa giya ta huɗu, ka saki kuloci a hankali kana ɗan taka totur. In inji ya mutu, da sauran rai a faifan kulocin. In ya ci gaba da aiki, ya ƙare. Cunkoson shataletalen Suame da na Kejetia shi ke cinye mana su, ƙafa kullum a kan feda.

Masta, Suame:
Baban Hafsat, zan gaya maka gaskiya ko da za a ce makanike yana kare abincinsa ne. Kulocin kansa ba aiki ba ne, noti shida ke riƙe da murfinsa. Aikin yana wajen giyabos. Motarka da ƙafafun gaba take ja, inji a gicciye yake. Ke nan sai ka cire kan batir, ka zubar da man giya, ka zare shaf, wato sandar da ke juya taya, na dama da na hagu, ka sauke sitata, ka kwance mawuntin da ke riƙe da inji da giyabos, sannan ka tokare inji don kada ya rataya. Notin shaf ɗin nan lamba 30 ne mai baki goma sha biyu, sufanar gida ba ta kama shi. Ka sassauta shi tun mota tana ƙasa.

Wajen mayarwa ne ake sanin namiji. Faifan dole ya zauna daidai tsakiyar falawul, wato babban faranti na ƙarfe da ke bayan inji, kafin a ɗaure murfi. Ya kauce ko kaɗan, sandar giyabos ba za ta shiga ba, ku kwana kuna jijjigawa. Mu a shago tsohuwar sandar giyabos muke zurawa mu saita da ita. Wasu kayan sababbi suna zuwa da 'yar sandar roba a kwali, ka tambaya. Notinan kuma a bi su kaɗan-kaɗan, wannan sannan na ɗaya gefen, ba a ɗaure ɗaya tamau a wuce. Kuma kada ku bar giyabos ya rataya a kan sandarsa yana rabin shiga, yana lanƙwasa faifai sabo fil. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne masu jawo giyabos da dogon noti in ya ƙi zama. In bai zauna da hannu ba, wani abu bai daidaita ba.

Alhajin Tafo:
Yaran yanzu ba ku san daɗi ba. Opel Kadett da Astra ta farko da muka yi tasi da su, akwai waɗanda ba a sauke giyabos sam. Ka cire ƙafar hagu, ka buɗe murfin gefe, ka zaro sandar waje, ka danne murfin kuloci da maƙalai uku, sai ya faɗo ta ƙasa. Tsakanin azahar da la'asar na gama nawa a inuwar mangwaro. Corolla ba haka take ba, ɗana. Ka ji maganar Masta.

Maman Ridwan, Sawaba:
Ni ba na tuƙi, amma a tsakar gidanmu aka yi irin wannan, kuma ni na riƙe tocila. Maigidana da abokinsa suka ɗora mota a kan bulon siminti. Muna tsaye bulo ɗaya ya tsage, motar ta zauna gefe guda, abokin bai fi minti da fitowa daga ƙarƙashi ba. Har yau in na tuna jikina sai ya yi sanyi. Don Allah Baban Hafsat a nemo ƙafafun ƙarfe, a tura tayar da aka cire ƙarƙashin mota, a kori yara. Ku duba sama kuma, mu ruwa ya tarar da mu giyabos yana ƙasa a buɗe.

Direban Sprinter, Tafo:
Nawa ban ma gwada a gida ba. Falawul ɗin Sprinter hawa biyu ne mai sifirin a ciki, silindar kulocin kuma tana cikin giyabos. Da ta fara yoyo, sai an sauke komai. Abin da na gani dai: na sa faifai sabo, wata biyu ya koma zamewa. Da aka buɗe, ashe sil ɗin bayan inji, wato robar da ke tare mai, shi ne ke ɗigo da baƙin mai a kansa. Kai ma in ka buɗe, shafa yatsa a ƙasan wurin. Ka ga mai, canja sil tun kana ciki.

Ɗan Tasi, Asawase:
Maganar kaya kuma. Kada ka sayi faifai kaɗai. Ɗauki ukun: faifai, murfi da berin. Na taɓa barin tsohon berin don kuɗi sun gaza, ya yi ta kuka kamar gyare har na sake biyan kuɗin aiki. Ka tafi Magazin da tsohon a hannu, ka ƙirga haƙoran tsakiya, ka ɗora su fuska da fuska. Na hannu da ake kawowa daga Turai wani lokaci yana da kyau, amma ka dubi kusoshin faifan, in sun kusa fitowa fili ka ajiye. Masu kaya da yawa ba sa buɗewa Lahadi, don haka komai ya zama a hannunka tun Asabar.

Masta, Suame:
Ƙari kaɗan. Faifan yana da gaba da baya, galibi an rubuta ɓangaren da ke kallon falawul, ku karanta kafin ku rufe. Giris a haƙoran sanda ɗan kaɗan, in ya yi yawa zai fantsama kan faifai. Ƙurar ciki kada a hura da baki, a goge da jiƙaƙƙen tsumma. Kulocin motarka ba na waya ba ne, da man birki yake aiki. Silindar tana waje, ka kwance ta ka rataye gefe ba tare da ka buɗe bututu ba, ka huta da fitar da iska. Man giya kusan lita 2 take sha.

Baban Hafsat, Aboabo:
Allah ya saka da alheri. Maman Ridwan, an ji, an fasa bulo. Masta, in na turo ƙanena gobe bayan la'asar, za ka ara mana lamba 30 ɗin da sandar saiti?

Masta, Suame:
Turo shi. Ya zo da buhu, akwai ƙafafun ƙarfe biyu ma. Litinin da safe nake son kayana.