Karen Babanmu ƙafafunsa na baya sun fara mutuwa kuma za a sayar da gidan, wa ya taɓa shiga irin wannan?

Maman Ilham:
Salamu alaikum 'yan'uwa. Dan Allah wanda ya taɓa shiga irin halin nan ya gaya min yadda ya yi, ba wa'azi nake nema ba, abin da ya faru da ku nake son ji. Babanmu ya rasu wata biyar kenan, ya bar kare irin Alsashan ɗin nan sunansa Zaki, shekararsa 9 a gidanmu na Hotoro, tun yana ɗan kwikwiyo Baba ya kawo shi bayan ɓarayi sun haura mana katanga. Tun kafin rasuwar ya fara jan ƙafar baya ta hagu, in yana tafiya sai ka ji faratansa na karce siminti, yanzu duka biyun ne, in ya juya da sauri sai ƙugun ya zube gefe. Likitan dabbobi ya ce ciwon laka ne da ke kama irinsu in sun manyanta, ba ya warkewa, ƙaruwa ma zai yi ta yi. To ga gidan za a sayar a raba gado, Umma za ta koma wajen Yaya a Gwammaja gida ne na cikin lungu ba fili, ni kuma haya nake a sama mai gidan ya ce ko kyanwa bai yarda ba. Yaya ya ce a kai shi bayan gari a sake shi, Umma ta ce ba da ita ba. Karen nan har yau da asuba yana jan jiki ya je ƙofar ɗakin Baba ya kwanta. Wlh na rasa yadda zan yi.

Baban Sadiq:
Allah ya jiƙan Baba ya sa ya huta. 'Yar'uwa abu ɗaya zan roƙe ki, duk wanda za ki ba wa ki gaya masa gaskiyar ciwon tun daga farko har inda zai kai, don ni ban faɗa ba kuma har yau abin yana ci na. Nawa na ba wani mai gona ne ta hanyar Kura lokacin da aka yi min canjin wajen aiki, na ce masa ɗan ɗingishi ne kawai zai wuce, alhali likita ya riga ya faɗa min. Tsoro na ji kar ya ce ba ya so. Shi gadi yake nema, ya ɗaure shi da sarƙa a bakin rumfar kaji, bayan wata uku na zo hutu na leƙa sai na tarar da shi kwance cikin fitsarinsa cinya duk gyambo, mutumin ya ce min ai kai ka cuce ni ka ba ni gurgu. Ban iya ce masa komai ba don gaskiya ya faɗa. Na ɗauko shi a but ɗin mota, bai yi sati biyu ba.

Ɗan Kurna:
Allah ya gafarta masa. Amma gsky Anti kare ne fa, mutane na kwana da yunwa a garin nan. Ni ina bayan Yayanku.

Malam na Dorayi:
Ɗana, yunwar mutane gaskiya ce, amma sakin karen ba zai ciyar da kowa ba. Hadisin Abu Huraira yana nan a Buhari da Muslim, mutumin da ya shiga rijiya ya cika huffinsa da ruwa ya shayar da kare mai lallagen ƙishirwa Allah ya gafarta masa, sahabbai suka tambaya ashe muna da lada a kan dabbobi, Annabi (SAW) ya ce akwai lada a cikin duk hanta mai danshi. Karen da ba ya iya gudu in ka ajiye shi a bayan gari ko yara su jefe shi ko ƙishirwa ta kashe shi a hankali. Ni ban taɓa kiwon kare ba, amma maƙwabcina ya saki nasa a bakin titin zobe, kwana huɗu ya dawo da rarrafe har ƙofar gida, ni na gan shi da idona da na fito sallar asuba.

Anti Ladi Sabon Gari:
Ƙanwata sannu da rashi. Ni ta ɗaya ɓangaren zan ba ki labari, ni ce na karɓa. Maƙwabtanmu za su koma Legas suka bar min wata 'yar ƙaramar karya mai dogon baya da gajerun ƙafafu, ita nata ba irin na Zaki ba ne, guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan baya ne ya zame ya danne laka, wannan kam yana da zafi, in ka taɓa bayanta ihu take. Likita ya sa na kulle ta a ɗan keji sati shida ba tsalle ba hawa bene, fita sai fitsari kawai, ta ɗan samu sauƙi amma ƙafafun ba su dawo daidai ba har ta mutu bayan shekara uku.

Abin da nake so ki sani shi ne aikin ba magani ba ne, wanki ne da ɗauka. Kullum da safe in zura tawul ta ƙarƙashin cikinta in riƙe bakin biyu ta sama ita kuma ta taka da na gaba, haka muke zagaya tsakar gida. Tayil kuwa abokin gabarsu ne, santsi yake kwashe su, sai da na shimfiɗa tsofaffin buhuna da tabarma tun daga ƙofa har inda take kwana. Katifa na yanka na sa a leda na rufa tsohon zani, zani uku nake juyawa kullum ɗaya na kan igiya. In fitsari ya kwana a jikinsu fatar sai ta saluɓe kamar ƙuna, in kuma damina ce ƙudaje suka samu wajen to tsutsa ce, sau ɗaya na yi sakaci kwana biyu ina bikin ƙanwar maigida, abin da na gani a gindin bindinta ba na son tunawa. Tawa fa ko kilo goma ba ta kai ba, Zaki zai haura talatin, dole wanda zai karɓa ya zama mai ƙarfi kuma mai zama a gida, ba wanda zai fita kasuwa tun safe sai isha ba.

Su maƙwabtan nawa Allah ya saka musu, sun bar min katin allurarta da ragowar magani da lambar likitan, kuma duk wata suna turo wani abu, shi ya sa ban taɓa jin an yar min da kaya ba.

Ummu Hanan:
Ina aiki a wajen duba dabbobi, ba likita ba ce ni amma ina gani kullum. Anti Ladi ta raba ciwukan biyu daidai. Irin na Zaki yawanci daga shekara 8 yake bayyana, Alsashan na cikin waɗanda suka fi fama da shi, kuma shi kansa ciwon ba ya yi musu zafi, jijiyar ce take lalacewa a hankali har saƙo ya daina isa ƙafa. Ki gwada ki lanƙwasa tafin ƙafarsa ta baya ki ɗora bayan yatsun a ƙasa, mai lafiya nan take zai gyara, shi kuwa zai bar ta a haka kamar bai sani ba. Da yawa cikin shekara guda ko ƙasa da haka suke daina tashi, daga baya riƙe fitsari da kashi ya gagara, wannan shi ne abin da dole mai karɓa ya ji da kunnensa. Shi ba a kulle shi kamar na guringuntsi, motsa jiki kaɗan kaɗan kullum yana taimaka masa ya daɗe yana takawa. Amma tunda alamun suna kama da juna, in ba a yi masa hoton ƙashi ba ki nemi a yi, wasu ciwon ƙugu ne ko ƙarshen ƙashin baya ya matse jijiya kuma su suna jin magani. In likitanku ya ga da buƙata zai iya tura ku asibitin koyarwa na dabbobi na ABU a Zariya.

Dan girman Allah kar kowa ya ba shi maganin ciwon jiki na mutane daga kemis. Ibuprofen da diclofenac suna fasa musu ciki su lalata ƙoda, mun sha karɓar kare yana kashin jini saboda maigadi ya tausaya masa ya jefa masa ƙwaya a tuwo. Miya mai albasa da yawa ma ba ta yi musu, tana lalata jini. A rage masa ƙiba, a dinga cire kaska, a tabbatar allurar haukan kare ta bana tana kan kati kafin ya bar hannunku.

Jikan Sarkin Baka:
Allah ya jiƙan mahaifi. Mu gidanmu farauta muka gada, karnuka sun fi goma, kuma in gaya miki gaskiya mafarauci ba zai karɓi wanda ba ya gudu ba, in ma ya karɓa sauran za su yi masa taron dangi wajen abinci. Abin da zan ja kunnenki a kai shi ne masu zuwa da fara'a su ce a ba su kyauta za su kula da shi. Akwai masu bi unguwa unguwa suna tara karnuka ana lodinsu zuwa kasuwar Dawaki a Filato, nama ake yi da su, kuma babban kare mai jiki irin naku shi suke so, gurguntakarsa ba ta dame su ba. Ƙanina an taɓa yi masa haka, mutumin har da cewa yana da fili a Mariri, da aka je ba fili ba mutum. Duk wanda ya ƙi ki je ki ga inda karen zai kwana, ko ya ƙi ki dinga leƙowa, ki bar shi.

Abba mai walda:
Anti in kin samu mai riƙewa ni na taɓa haɗa wa wani keken kare. Bututun roba na masu famfo muka yi amfani da shi don ƙarfe ya yi nauyi, tayoyi biyu na keken yara, sai ɗamara mai faɗi da ke riƙe ƙugu muka naɗe ta da soso. Na farko da na yi ya yi tsawo yana ɗaga bayansa sama sai da na rage, dole a auna shi yana tsaye a tallabe bayan ya miƙe sak. Ranar da muka ɗora shi sai da muka bi shi da gudu har bakin get. Amma ba a barinsa a ciki wuni guda, ba ya iya kwanciya da shi, kuma a zafin Maris da Afrilu sai da sassafe ko bayan la'asar don simintin yana ƙona tafi.

Baban Sadiq:
Na manta ban faɗa ba, ki yanke shawara da mai karɓa tun yanzu kan ranar da zai kasa gaba ɗaya, wa zai kira likita kuma wa zai biya. Nawa a ƙarshe allura likita ya yi masa ya tafi kamar barci ina riƙe da kansa. Na tambayi malamai kafin nan, wani ya ce a bar shi har ajalinsa wani ya ce in azabar ta yi yawa babu laifi a hutar da shi, ke ma ki tambayi wanda kika natsu da shi tun hankalinki na kwance, kar sai ranar ta zo.

Maman Ilham:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci, na karanta wa Umma duka har ta yi hawaye a na Anti Ladi. Ga inda aka kwana. Mutum biyu sun nema ta wajen Yaya, na farko da na tura masa bidiyon yadda yake tafiya bai sake ɗaga waya ba, na biyu ya ce a kawo masa tasha kawai ba sai mun je gidan ba, na tuna maganar Jikan Sarkin Baka na ce a'a. Ashe mai riƙon yana kusa ban lura ba, tsohon maigadinmu da ya yi shekaru tare da Baba, shi ne ma yake ba Zaki abinci tun yana ƙarami. Ya zo gaishe da Umma jiya ya ji ana maganar sai ya ce haba Hajiya, ni ina raye za a kai Zaki bola? Yana zaune ta hanyar Gezawa, gidan ƙasa ne tsakar gidan rairayi ba santsi, ga bishiyar darbejiya, ga samarin 'ya'yansa biyu da za su taya shi ɗauka.

Ban bar shi ya amsa nan take ba, na zaunar da shi na ce Baba ka ji duka tukun, na gaya masa maganar fitsarin da gyambon da cewa wata rana ba zai tashi ba kwata kwata, na ce ya je ya yi shawara da iyalinsa don wankin a kansu zai faɗa. Yau da safe ya kira ya ce matarsa ta yarda amma da sharaɗin ba zai shiga rumfar girki ba kuma a ware masa kwanonsa da bokitinsa. Ni da ƙanwata za mu dinga tura kuɗin abinci da sabulu duk wata, likita kuma a kaina, Yaya ma daga baya ya ce zai kawo buhun masara.

Asabar za mu kai shi, Umma ta ce a haɗa da tsohon bargon Baba da yake kwanciya a kai. Malam Abba dan Allah daga ina zuwa ina ake aunawa, tsawo daga ƙasa zuwa ƙugu ne ko har da faɗin ƙirji? Ina so in auna kafin mu tafi.