Gilashin gaban moto na haɗin gida: wa ya taɓa gwadawa?

Ɗan kabu-kabu, Bagalam:
Salamu alaikum. Hunturu ya kama, ni kuma kullum da asuba ina bisa hanyar Maradi zuwa Dan Issa. Kafin in isa ƙirji ya daskare, hanci ya cika da ƙura. Ina so in haɗa wa Kasea tawa gilashin gaba da hannuna. Wanda ya taɓa yi ya ba mu labari, don Allah.

Mai walda, Sabon Gari:
Wa alaikumus salam. Sau biyu na yi, na farko asara ce. Fileksi, wato robar nan mai kama da gilashi, na saya wajen masu allon talla, kaurin milimita 3. Na yanka shi bisa kwalin da na zana, sai na ɗora shi saman gawayi don ya lanƙwasa. Fileksi sai zafi ya kai wajen digiri 150 yake laushi, kuma so yake zafin ya ratsa ko'ina daidai, gawayi kuwa bai san wannan ba. Tsakiya ta yi ƙuraje kamar an watsa mata ruwan zafi, gefe na nan ƙam. Na daure na huda, na ɗaure noti da ƙarfin maƙera, nan take tsaga ta taso daga ramin ta haye sama.

Na biyu polikabonet na samo, shi ma roba ce mai kama da gilashi. Ya fi tsada, amma ba ya tarwatsewa, kuma na milimita 3 yana lanƙwasuwa da hannu ba wuta. Na yi mashi firam da siririn ƙarfe, na buɗa ramukan suka ɗan fi notin faɗi, na yanko tsohon tub na sa gaba da baya. Ledar da ke jikinshi kada ka ɓare ta sai aiki ya ƙare.

Malamin makaranta, Tibiri:
Ɗana, ni tsawo ne ya cuce ni. Na ce a yi shi ya wuce kaina, wai in zauna kamar cikin mota. Kwana uku ƙura ta lulluɓe shi. Wata magariba ina komawa gida, babbar mota ta haske ni, gilashin ya koma fari fat, saura kaɗan in hau amalanke. Ga iska in ta bugo daga gefe, da yake jikin kan moto yake ɗaure, sai ka ji ana fizgar hannunka. Washegari na sa aka rage shi da zarto daidai hancina, ina duban hanya ta samanshi.

Mai gyaran waya, unguwar Zariya:
Malam ya gama magana. Nawa kuma ƙanena ne ya goge shi da esansi, wai yana yi mani gwaninta. Ya dusashe, ya yi ƙananan tsage. Ruwa za ka fara zuba mashi ƙurar ta sauka, sannan sabulu da tsumma mai laushi. Busasshen tsumma bisa ƙurar Maradi sai zane.

Ɗan kabu-kabu, Bagalam:
Allah ya saka da alheri. Na riga na yanka kwali, har na rage tsawon bayan na karanta na Malam. Oga mai walda, in na samo polikabonet ɗin zan kawo maka ka yi firam. Nawa ne na hannu?

Mai walda, Sabon Gari:
Taho da moton tukuna, sai na ga inda zai kama kusa da fitila.