A ba ni shawara: wata biyu da haihuwa, jikin mai ɗakina ya ƙi dawowa

Baban Ummi: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina wani ƙauye ta wajen Ringim. Mai ɗakina ta haihu wata biyu ke nan, haihuwa ta biyar, a gida, ta ɗan zubar da jini amma ya tsaya. Da ma tun tana da ciki muka samu saɓani da yayarta kan zancen awo, lokacin ana tsakiyar noman rani, ga babur ɗina ya lalace, har yau yayar ba ta amsa gaisuwata da daɗi. To yanzu kullum jiri, kasala, in ta ɗauko ruwa daga rijiya sai ta zauna tana haki. Har ƙasar jikin bango take ɓantara ta ci. Na sayo maganin ƙarin jini na kwalba, ina haɗa mata malt da madara, mai kemis ya yi mata allurar bitamin B. Babu canji. Wane bitamin ne ya fi ƙarfi in saya?

Ungozoma: Wa alaikumus salam. Malam, ka faɗi komai ban da abu ɗaya: an auna jininta? A gwada PCV ko himogulobin. Mace marar ciki in himogulobin ɗinta ya yi ƙasa da giram 12 tana da ƙarancin jini, in ya yi ƙasa da 8 abin ya yi tsanani, ba na kemis ba ne. Kafin nan ja fatar idonta ta ƙasa ka duba, ka dubi tafin hannunta. In sun yi fari fat, ga kuma cin ƙasa, sinadarin ƙarfe ne ya ƙare mata. Shi ne ke cikin jajayen ƙwayoyin jini yana kai iska ga sassan jiki, shi ya sa take haki. Maganinsa fasolet mai miligiram 200, kowace ƙwaya da ƙarfe wajen miligiram 65 a ciki. Guda da safe guda da yamma, da folik asid. Ta sha da ruwa ko lemon zaƙi, ban da shayi, ban da madara, ban da nono. A bar tazarar awa biyu, don suna hana hanji tsotse shi. Bahaya zai yi baƙi, ba cuta ba ne. In ya tayar mata da zuciya ta sha bayan ɗan abinci. Bayan sati huɗu a sake awo. Ko jini ya cika sai ta ƙara wata uku, nan ne mata ke yankewa abin ya dawo.

Baban Ummi: Anti, na kwalbar da na saya ya ninka wannan ƙwayar tsada. Kuma madarar ai ƙarfi take ba ta.

Ungozoma: Tsada ba ta ƙara jini. Juya kwalbar ka karanta nawa ne ƙarfen da ke cikin cokali ɗaya, da yawansu bai kai na ƙwaya guda ba. Malt kuwa sukari ne, madara kusan ba ta da ƙarfe. Bitamin B aikinsu taimakon jiki ya mayar da tuwon da aka ci ya zama kuzari, in ba su aka rasa ba ƙarinsu fitsari yake bi. Ba ka ga fitsarinta ya koma rawaya ba?

Malamin Gona: Ni ban yarda a fara da ƙwaya ba. A gyara tukunya tukuna. Hanta, nama, ƙananan kifi: ƙarfensu ya fi shiga jiki, kuma bitamin B12 a abincin dabba kawai ake samu, irin su waɗannan da ƙwai. Zogale, rama, alayyafo da wake suna ba da folet, wato folik asid na cikin abinci, amma in an tafasa ganye har ya yi laushi an zubar da ruwan, an zubar da rabin amfanin. Kanwa kuma tana kashe B1 da bitamin C, gara a jiƙa wake ya kwana. A bi abinci da gwaiba ko lemo. Abin takaicin ƙauyukanmu, a tattara ƙwan zabi kaf a kai kasuwar Gujungu, a dawo da taliya da lemon kwalba, mai jego na zaune.

Ungozoma: Malam, abinci na hana faɗawa rami ne, wadda ta riga ta faɗa ba zogale zai fito da ita a wata guda ba. A haɗa duka.

Maman Walid: Ku dai faɗa wa mazan gaskiya. Haihuwa biyar kusa-kusa, yaushe jiki ya mayar da abin da ya rasa? Sannan mu ma mata da namu, a ba mu maganin awo mu cusa ƙarƙashin katifa wai yana sa ɗa ya yi ƙato. Kuma a ɓoye fasolet inda yara ba za su kai ba, kamar alewa suke ganinsa, in yaro ya sha da yawa yana kisa.

Ɗan Lab: Kada kowa ya manta inda jinin ke zurarewa. A yi gwajin maleriya. Tsutsar ciki mai shiga ta tafin ƙafa tana shan jini, albendazol miligiram 400 sau ɗaya. In tana wanki a kogi ko fadama a duba fitsari saboda tsargiya. Kuma an taɓa yi mata gwajin sikila? Mai sikila ba a ba ta ƙarfe da ka. In tana jin ƙafa na mutuwa ko tsikari, a duba B12, don folik asid kaɗai yana gyara awon jini ya bar jijiyoyi suna lalacewa.

Baban Ummi: Ba sikila a danginsu. Sai dai na manta, ƙafarta ta ɗan kumbura, da dare kuma sai ta jingina da bango take iya barci. Inna ta ce ruwan jego ne, a ƙara kunun kanwa da wankan zafi.

Ungozoma: Innalillahi. Wannan za ka fara faɗa! Kumburin ƙafa da kasa kwanciya a miƙe bayan haihuwa alamar zuciya ce ta gaza, ko don jinin ya yi ƙasa sosai, ko ciwon zuciyar masu jego. Gishirin da ke cikin kanwa yana tara ruwa a jiki, ya ƙara wa zuciya kaya. A tsayar da kunun yau. Kada wani mai kemis ya kuskura ya sa mata ƙarin ruwa. Gobe da sassafe babban asibiti, Ringim ko Dutse.

Baban Ummi: Anti ba ki san Inna ba. Duk 'ya'yanta da kunun nan ta yi jegonsu. Kuma in na je aka ce ƙarin jini, wa zai bayar? Hanyarmu ma ruwa ya cinye ta. Ina ganin in fara fasolet ɗin na sati biyu mu ga hali.

Ungozoma: Sati biyu ya yi nisa.

Malamin Gona: Ko ma me za a yi, a soma da hantar.

Baban Ummi: To ita allurar, saura uku mai kemis ya ce, kuma na riga na biya. A ƙarasa ko a bari?